Rufin da Aka Haɗa a Ƙasa: Nazari kan Ginin Filin Olamfik na Landan

Ranar 6 ga Yulin 2005 aka sanar a Singafo cewa birnin Landan ne zai karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta 2012. Wurin da aka ware domin aikin yana Stratford, a gabashin birnin, cikin kwarin kogin Lea. Fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 2.5, wanda ya shafe fiye da ƙarni guda yana ɗauke da masana'antu da layukan dogo da juji. Cikin shekara 7 ake so a rushe abin da ke wurin, a tsabtace ƙasar, a gina babban filin wasa da wurin ninkaya da zauren tseren keke da gadoji da rukunin gidajen 'yan wasa. Ranar buɗe gasa kuwa ba ta ɗaguwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ya san abin da irin wannan rana take haifarwa: gaggawa, aikin dare, da kawar da kai daga abin da ya kamata a tsaya a gyara.

Biranen da suka riga Landan karɓar gasar ba su bar abin kwantar da hankali ba. An ba da rahoton mutuwar ma'aikata 14 a ayyukan gasar Atens ta 2004, hukumomin Sin kuma sun amsa cewa mutum 6 sun rasu a gine-ginen gasar Bejin ta 2008. A Birtaniya kanta, ma'aikatan gini 72 ne suka mutu a bakin aiki a shekarar lissafi ta 2007/08, kuma faɗowa daga sama ce kan gaba wajen ɗaukar rayukansu, kamar kusan kowace shekara.

Amma da aka kammala manyan gine-ginen Stratford, lissafin ya fito daban. Mutum fiye da 40,000 ne suka yi aiki a wurin, a lokacin da aiki ya kai ganiyarsa kimanin 12,000 ne ke shiga kullum, an yi aikin awa sama da miliyan 60, kuma ba a rasa ran ko mutum ɗaya ba a sanadin haɗarin aiki. Raunukan da doka ta wajabta a kai rahotonsu ba su kai 2 ba a kowace awa miliyan ɗaya, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da aka saba gani a sana'ar gini a ƙasar a lokacin.

In ana ba da labarin nan, abin da ya fi fitowa shi ne zancen kunu. An lura haɗurra sun fi yawa gab da cin abincin rana, bincike kuma ya nuna ma'aikata da yawa ba sa karya kumallo, sai aka riƙa sayar musu da kunun hatsi mai ɗumi a kan fam 1. Ana kuma ambaton asibitin da aka kafa a cikin filin, da horar da shugabannin leburori, da ƙarfafa wa ma'aikaci gwiwa ya yi magana in ya ga abin da bai kwanta masa ba. Duk gaskiya ne, kuma sun yi amfani. Sai dai akwai wani sashe da ba a cika faɗa ba, domin ba a wurin gini ya faru ba. A ofis ya faru, a kan takarda da kwamfuta, tun kafin a kafa ginshiƙi na farko. Shi nake so mu duba, don a ganina shi ya fi nauyi.

Abin da doka ta ɗora wa mai zane

An daɗe ana ɗaukar cewa lafiyar ma'aikaci a wuyan ɗan kwangila take. Mai zane ya zana, injiniya ya yi lissafin rodi da kankare, su miƙa takardu su koma gefe; yadda za a hau a ɗaura abin da suka zana, wannan kuma ruwan mai ginawa ne. Ƙungiyar ƙasashen Turai ta fara juya wa wannan tunani baya a 1992, lokacin da ta fitar da umarni kan wuraren gini. A gabatarwar umarnin an bayyana cewa fiye da rabin haɗurran da ake samu suna da nasaba da zaɓin da aka yi wajen zane ko tsara aiki, ko kuma rashin kyakkyawan shiri tun kafin a fara. A Amurka ma wani malamin jami'a, Michael Behm, ya bi diddigin rahotannin mutuwar ma'aikatan gini 224 a binciken da ya wallafa a 2005, ya tarar kashi 42 cikin ɗari suna da alaƙa da zane.

Birtaniya ta mayar da umarnin Turai doka a 1994, ta sabunta ta a Afrilun 2007, daidai lokacin da ake zana gine-ginen Olamfik. Dokokin CDM ake ce musu, wato dokokin zane da tafiyar da aikin gini. Abin da suka nema daga mai zane a jere yake. Ya fara da ƙoƙarin kawar da haɗarin gaba ɗaya. In hakan ba zai yiwu ba, ya rage shi, kuma ya fifita kariyar da za ta tsare kowa, kamar bango a bakin rufi, a kan wadda za ta tsare mutum ɗaya, kamar igiyar ɗaure ƙugu. Abin da ya saura ya rubuta shi ya sanar da wanda zai gina. Ba mai ginawa kaɗai zai tuna ba, har da wanda zai zo wanke tagogi ko gyaran fitila bayan shekara 10.

Hikimar wannan jeri a fili take. Hular kwano da igiyar ƙugu suna aiki ne bayan abu ya riga ya ɓaci, kuma sun dogara ga mutumin da ya gaji, ko yake sauri, ko ya manta. Aikin da aka cire daga sama tun a takarda kuwa ba ya buƙatar kowa ya tuna komai. Lokaci ne kawai matsalar. A makonnin farko na zane, canja siffar rufi ba ya cin komai sai goge layi da sake lissafi. Da zarar an zuba harsashi, an ba da odar ƙarfe, wannan canjin ya zama na miliyoyi, ba kuma mai yarda. Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana.

Doka ita kaɗai ba ta isa ba. Akwai wuraren gini da yawa a Birtaniya da aka mayar da CDM aikin cike takarda, a tara fayil mai kauri wanda ba mai buɗewa. Abin da ya bambanta Stratford shi ne mai ba da aikin. A 2006 aka kafa hukumar da za ta gina wuraren gasar, ODA, da David Higgins a matsayin babban jami'inta. Lawrence Waterman ya shugabanci sashen lafiya da kariya, gamayyar kamfanoni uku da ake kira CLM kuma ta riƙe tafiyar da aikin yau da kullum. Hukumar ta rubuta nata ma'aunin, ta sa shi cikin sharuɗɗan neman kwangila, ta yadda kamfani ya san abin da ake jira daga gare shi tun kafin ya faɗi farashi. Kowane gini yana da jami'in da ke haɗa masu zane da masu ginawa kan batun haɗari, sama da su kuma akwai mai daidaita su duka, saboda gine-ginen maƙwabtan juna ne, injin ɗaga kayan wannan yana iya shawagi a kan ma'aikatan wancan. Abu mafi muhimmanci, an shigo da 'yan kwangila tun ana tsakiyar zane. Wanda ya san yadda ake ɗaga ƙarfe ya zauna teburi ɗaya da wanda ke zana ƙarfen.

Shawarar farko ta shafi filin kansa. Manyan falwayoyin ƙarfe 52 ne suka ratsa wurin ɗauke da layukan wuta masu ƙarfin gaske. Aka haƙa ramuka biyu a ƙarƙashin ƙasa, kowanne tsawon kilomita 6, aka mayar da wutar ciki, zuwa ƙarshen 2008 an kwance falwayoyin. Babban dalilin shi ne a samu sararin gini, amma ko ba a faɗa ba, injinan ɗaga kayan da suka cika wurin daga baya ba su yi aiki a ƙarƙashin waya mai wuta ba. Haka nan an rushe gine-gine sama da 200, aka tono ƙasa kusan tan miliyan 2 wadda ta sha mai da kwalta da dalma da gubar asenik, aka wanke mafi yawanta a injina nan cikin filin. Mai shimfiɗa bututun da ya zo daga baya ya yi haƙa ne a ƙasar da aka riga aka tsabtace. An kuma kafa injin kwaɓa kankare a ciki, aka shigo da fiye da rabin nauyin kayan gini ta jirgin ƙasa da ta ruwa, wanda ya rage manyan motocin da za su riƙa shiga da fita suna ja da baya a tsakanin mutane.

Zauren tseren keke

A nan ne abin ya fi fitowa fili. Gini ne mai ɗaukar 'yan kallo 6,000, da hanyar tsere ta katako mai zagayen mita 250, kuma ba a yarda da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba. Ke nan dole rufin ya tsallake faɗin da ya haura mita 100 bai jingina da komai ba sai bakin ginin. Kamfanin Hopkins ne ya yi zanen, injiniyoyin Expedition suka yi lissafi, ISG ya samu kwangilar ginawa.

Tun farko hankalin masu zanen ya karkata ga rufin igiyoyin ƙarfe, amma da aka shiga lissafin kuɗi sai aka koma ga abin da aka saba, rufin manyan ƙarafuna. A tsaya a dubi abin da wannan zaɓi yake nufi ga wanda zai yi aikin da hannunsa. Ƙarfen da zai tsallake mita 100 ba a ɗaga shi gaba ɗaya. Gunduwa-gunduwa ake kawo shi, a kafa hasumiyoyin wucin gadi a tsakiyar zauren su tallafe shi, a jera sikafol, wato dandamalin wucin gadi da ma'aikata ke takawa, sannan masu haɗa ƙarfe su hau su yi makonni suna ɗaure noti suna walda a sama, cikin iska da ruwan saman Ingila, wasu kuma suna kai-komo a ƙarƙashinsu. Duk notin da aka zana a wancan tsayi, mutum ne aka tura can. In sufana ta kuɓuce masa, a kan wani za ta sauka. Bayan an gama kuma sai a sake hawa a kwance hasumiyoyin da sikafol ɗin, shi ma aiki ne mai nasa haɗarin.

Da ISG ya shigo, aka zauna tare da masu zanen aka sake buɗe maganar, aka dawo kan igiya. Igiyoyin ƙarfe ne masu kaurin milimita 36, ana jera su bibbiyu, wasu sun miƙa ta tsawon zauren wasu sun gitta ta faɗinsa, tazarar mita 3.6 tsakanin layi da layi, jimillar tsawonsu wajen kilomita 16. A masana'anta aka yanka kowace daidai tsawonta. Da aka kawo su a farkon 2010 sai aka warware su a cikin zauren, aka ɗaure mahaɗansu ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙasa. Daga nan aka sa injinan jak a bakin ginin suka riƙa jan igiyoyin a hankali, ragar gaba ɗaya ta tashi sama ta ɗame. Cikin makonni kaɗan rufin ya tsaya, ba a kafa hasumiya a tsakiya ba, ba a cika zauren da sikafol ba.

Wanda ya taso a ƙauye ya san dabarar nan. Ba a hawa kan bangon ɗaki a ɗaura tsaiko. A ƙasa ake haɗa shi, a yi masa tanka, sau da yawa har a baibaye shi, sannan a kira maƙwabta a ɗaga a ɗora. Iyayenmu sun ga cewa aiki a ƙasa ya fi sauƙi, ya fi kyau, kuma ba mai karyewa.

Abin da aka rufe ragar da shi ma ba a sama aka ƙera shi ba. Allunan katako ne wajen 1,000, an haɗa su a masana'anta daidai girman ramukan ragar, injin ɗaga kaya yana ɗauko ɗaya ya ajiye a gurbinsa. An hau sama kam: akwai masu kula da jak a bakin ginin, akwai masu karɓar allunan, akwai masu shimfiɗa kwanon alminiyam na ƙarshe. Ita ma igiyar da aka ɗame tana da nata haɗarin, domin ƙarfin da ke cikinta in ya kuɓuce ba ya barin abin da ke gabansa, don haka jan ta aiki ne na ƙwararru, da tsari a rubuce. Abin da aka samu shi ne raguwar yawan mutanen da ke sama da yawan awoyin da suke yi a can, kuma wannan shi ne ma'aunin gaskiya. Faɗowa tana bin yawan lokacin da ake yi a inda za a iya faɗowa.

Me ya sa dole shawarar ta zo da wuri? Domin rufin igiya yana jan bakin ginin zuwa ciki da ƙarfi mai yawa. Wannan ja yana bin zoben ƙarfen da ya kewaye saman ginin, ya sauka ta ƙarafunan da ke ɗauke da kujerun sama, ya bi ginshiƙan kankare har harsashi, wanda ke zaune a kan turakun kankare fiye da 900 da aka kafa saboda wurin tsohon juji ne. Duk waɗannan sai an yi lissafinsu da igiyar a zuciya. Da an bari sai bayan an fara aiki a 2009 an zuba harsashi, da ƙofar ta rufe, duk kyan shawarar.

An ce canjin ya rage ƙarfe kimanin tan 1,000, ya kuma rage watanni daga jadawalin aiki. Nauyin ƙarfen rufin ya tsaya wajen kilo 30 a kowace murabba'in mita, wato wajen rabin na zauren tseren keke na Bejin. A Fabrairun 2011 aka kammala shi, shi ne na farko a cikin manyan gine-ginen filin. Tan ɗin da ba a kawo ba, ba a sauke shi daga mota ba, ba a ɗaga shi ba, bai rataya a kan kowa ba. Wani zai ce ai kuɗi da lokaci ne suka kawo canjin, ba tausayin ma'aikaci ba. Lalle suna ciki, kuma ban ga aibun hakan ba. Aikin sama yana da tsada ne saboda yana da wuya kuma yana tafiya a hankali, haɗarinsa ma daga nan yake fitowa. Injiniyan da ya iya nuna wa mai ba da aiki cewa hanyar da ta fi aminci ita ce kuma ta fi sauri ya fi wanda ya tsaya ga roƙo kawai samun kunnen saurare.

Babban filin wasa ya bi hanya makamanciyar wannan. Masu zane na Populous, injiniyoyin Buro Happold da kamfanin gini na Sir Robert McAlpine tare suka nemi aikin a matsayin ƙungiya ɗaya. Cikin kujeru 80,000, an tsara 55,000 na sama ta yadda za a iya kwance su bayan gasa, saboda haka da noti aka haɗa ƙarafunan, abin da ya rage walda a sama ƙwarai. Matakan zama na kankare a masana'anta aka zuba su aka kawo. Zoben da ke riƙe da rufin kashi 28 aka yi shi, kowane kashi a ƙasa aka haɗa shi kafin a ɗaga. Haka hasumiyoyin fitilu 14, a ƙasa aka harhaɗa su, sannan babban inji ya ɗora kowace a mazauninta.

Wurin ninkaya kuwa labarinsa daban ne, kuma ya kamata a faɗe shi. Mai zanen gine-gine Zaha Hadid ta ci gasar zana shi tun kafin a ba Landan gasar Olamfik, tun kafin a kafa ODA, balle a san wanda zai gina. Siffar rufin, mai lanƙwasa da tsawon mita 160 da nauyin ƙarfe wajen tan 3,000, zaune a kan wurare uku kacal, ta riga ta tabbata kafin kamfanin Balfour Beatty ya karɓi aikin. Abin da ya rage shi ne a nemo yadda za a yi shi lafiya. Aka ƙera ƙarafunan a Wales, aka haɗa abin da zai haɗu a ƙasa, sauran kuwa sai da aka kafa manyan matokarai na wucin gadi aka yi shi a sama, kafin a sauke rufin kan mazauninsa a ƙarshen 2009. An gama lafiya, kuma gini ne mai kyau. Amma a nan sarrafa haɗari aka yi da ƙwarewa da sa ido da kuɗi masu yawa, domin damar cire shi ta wuce. Filin ɗaya ne, hukuma ɗaya, doka ɗaya. Abin da ya bambanta shi da zauren keke shi ne ranar da mai ginawa ya samu bakin magana.

Cutar da ba ta yin ƙara

Faɗowa ana ganinta, ana kiran motar asibiti, jarida ta buga. Amma cututtukan da aikin gini ke sawa sun fi haɗurra kisa nesa ba kusa ba, sai dai su a hankali suke yi, bayan mutum ya bar aiki ya koma gida. Hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta ƙiyasta cewa ƙurar silika kaɗai, wadda ke tashi in ana yanka kankare ko dutse ko bulo, tana kashe ma'aikatan gini fiye da 500 a shekara. Shi ya sa sashen lafiya na filin, Park Health, bai tsaya ga ɗaure rauni ba. Yana da ƙwararru kan ƙura da hayaniya da sinadarai, masu duba tsarin aiki tare da 'yan kwangila.

A nan ma hannun mai zane yana ciki dumu-dumu. Masu zane a Birtaniya suna aiki da wani jeri mai launi uku da HSE ta yaɗa: ja ga abin da ya kamata a cire daga zane, ruwan ɗorawa ga abin da ba a so sai in babu makawa, kore ga abin da ake ƙarfafawa. Ɗauki misali ɗaya daga ja. In an zuba turken kankare a cikin ƙasa, kansa yakan gauraya da laka, dole a cire shi kafin a ɗora harsashi. Tsohuwar hanya ita ce a ba lebura injin fasa kankare ya yini yana kakkarwa da shi. Girgizar injin tana lalata jijiyoyin yatsu har mutum ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa, kuma in ta yi nisa ba ta warkewa, ga ƙura ga kurumta. In injiniya ya rubuta tun a zane cewa a sanya wa rodin saman turken rigar soso don kada kankare ya kama shi, sai a tsaga kan a ɗage shi da inji. Layi ɗaya a takarda ya ɗauke wa wani bawan Allah ciwon da zai bi shi har tsufa.

Sauran jerin duk irin wannan ne. Kada a zana tagar rufi mai rauni wadda mutum zai taka ya zurma. Kada a ɗora na'ura a kan rufi ba tare da hanyar isa gare ta lafiya ba. A guji bulo mai nauyin da ya wuce kilo 20, da linta mai nauyi da za a ɗaga da hannu, da fasa bango don binne bututun waya. A gina matakala ta dindindin da wuri, da abin riƙewa, domin ma'aikata su riƙa hawa ta nan.

Wanda ya san wuraren gini a Kano ko Kaduna ko Maraɗi zai gane waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Leburori ɗauke da kwanon kankare a ka suna bin falankin da aka jingina zuwa saman bene, saboda an bar matakala sai daga baya. Bulo mai inci 9 da ake miƙa wa birkila daga safe har la'asar. Mai wayarin da ke sassaƙa bango cikin farar ƙura bayan an gama fulasta, saboda ba a nuna hanyar bututu a zane ba. Tankin ruwa a ƙololuwar bene, babu tsani babu bango a gefe, alhali an san watarana sai wani ya hau ya wanke shi. Yawancin waɗannan gyaransu ba ya buƙatar kuɗin Olamfik. Yana buƙatar mai zane da injiniya su tambayi kansu, tun suna kan takarda, wa zai yi wannan aikin kuma ina zai tsaya.

Ba zan ce zane shi kaɗai ya tsare rayuka a Stratford ba. Aiki ne da gwamnati ta ware wa fam biliyan 9.3 a Maris na 2007, mai ba da aikin guda ɗaya ne kuma mai ƙarfi, idon duniya na kansa, manyan kamfanoni kuma ba wanda yake so a ce a wurinsa aka fara mutuwa. Sa ido da horo da shugabanci sun ɗauki nasu kason. Abin da zane ya yi shi ne ya rage musu kaya, ya bar musu haɗarin da za su iya riƙewa. Kuma abin da ya faru a cikin shingen filin bai bazu ko'ina nan take ba. A shekarun da suka biyo bayan gasar, ma'aikatan gini kusan 40 ne ke mutuwa duk shekara a Birtaniya, akasarinsu a ƙananan ayyuka da gyare-gyaren gidaje, inda babu wani Waterman kuma sau da yawa babu cikakken zane.

A Afrilun 2015 aka sake gyara dokokin CDM. An soke muƙamin jami'in da ke daidaita batun haɗari, wanda a ayyuka da yawa akan ɗauko shi a makare, bayan an riga an yanke manyan shawarwari. Aka mayar da nauyin kan babban mai zane, wato wanda ragamar zanen take hannunsa tun daga farko, shi zai tsara ya kuma sa ido kan lafiya da kariya a duk matakin da ke gaban fara gini. An kuma faɗaɗa dokar ta kai ga mutumin da ke gina gidan kansa ko yake gyara shi, inda nauyin da ke kansa yake komawa wuyan ɗan kwangilarsa, ko wuyan babban mai zanen in sun yi yarjejeniya a rubuce.